Injin Yanka Itace a Hannun Sabon Masassaƙi



Yau zancenmu a kan sassaƙa ne, da injin nan mai sarƙa da ake yanka itace da shi. Matasa da dama a garin nan na Bauchi sun ga bidiyo a Facebook da TikTok, inda mutum zai tsaya gaban gungume, ya ja igiyar inji, kafin ka ankara ya fitar da kujera ko tebur. Abin ya ba su sha'awa, kuma sha'awar tana da kyau, domin hanyar cin abinci ce. Tambayar da ke biyo baya ita ce, wane inji zan saya? Amsata gajeriya ce: ƙarami, mara nauyi, mai birki, wanda akwai kayan gyaransa da makanikinsa a garin nan. Sauran lokacin zan ɓatar da shi ne wajen kawo dalilai, don na san ba can zuciyar mai saye take karkata ba.

Zuciya tana karkata ne ga babban nan na kamfanin Stihl, wanda masu tsaga katako ke kira da lambarsa, 070. Shi kowa ya sani, shi ake jin rurinsa daga nesa a cikin daji, kuma katako mai yawa da ke shigowa kasuwanninmu, har da wanda kafintoci ke saye a Muda Lawal, irinsa ne ya tsaga shi. Inji ne na ƙwarai, ban raina shi ba. Amma ka dubi jikinsa. Girman cikinsa ya kusa si-si 106, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa harshe da sarƙa ba, ba a kuma zuba masa mai ba. Tsohon ƙirarsa ko birkin sarƙa ba shi da shi. An yi shi ne don ƙato ya kwantar da bishiya ya tsaga ta gida-gida. Shi kuwa masassaƙi ɗaga inji yake yi, ya karkata shi, ya shafa nan, ya rage can, tun hantsi har azahar. Wanda ya ɗauki kilo 13 ko 14 yana wannan lilo da shi, kafin rabin sa'a dantsensa ya mutu, kuma raunuka da dama a lokacin da hannu ya gaji suke aukuwa. Ba ɗan koyo irin wannan inji daidai yake da ba wanda ya fara koyon tuƙi jiya tirela cike da siminti a ce ya ratsa kasuwar Wunti da ita.

Wanda ya dace da kai yana tsakanin si-si 30 zuwa 40, nauyinsa kilo 4 zuwa 5, harshensa, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a jikinsa, inci 12 ko 14. A wannan sahun akwai Stihl MS 170 da MS 180, akwai Husqvarna 120, akwai Echo CS-310. Ba talla nake wa kowa ba, na ambace su ne don ka san ajin da za ka tambaya. Akwai kuma na China masu lamba 5200 da 5800, waɗanda suka fi yawa a shaguna saboda sauƙin kuɗi. Sun ɗan yi wa sassaƙa girma, amma in su aljihunka ya iya, a sa maka gajeren harshe, kada ka yarda da mai inci 20 ko 22 da aka saba haɗo su da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na jabu, wanda aka yi wa fentin babban kamfani aka manna masa suna, aka sayar maka da kuɗin na asali ko kusa da haka. Gara na China da ya zo da sunansa na gaskiya. In ka ji an ce sabon na asali ne amma farashinsa rabin na kowa, ka tuna araha ba ta ado. Ka nemi lambar da aka buga a jikin injin, ka nemi littafinsa, ka karɓi rasit.

Akwai wani ɗan ƙarami kuma da nake so ka kauce masa duk da kyansa a ido, wanda mariƙinsa yake a sama maimakon a baya. An yi shi ne don ƙwararrun da ke hawa bishiya suna rage rassa. Saboda rashin nauyinsa sai ya ja ka ka riƙe shi da hannu ɗaya, ka dafe itace da ɗayan, kuma wannan hannun da ya dafe itacen shi ne sarƙa ke samu. Haka nan faifan nan mai haƙoran sarƙa da ake ɗaura wa injin gurza ƙarfe na masu walda. A bidiyo za ka ga yana cin itace cikin sauƙi, amma ba shi da birki, yana gudun da ba a yi sarƙa dominsa ba, kuma a 2021 hukumar kula da amincin kayayyaki ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi cewa a daina amfani da shi saboda munanan raunukan da yake jawowa. Ko kyauta aka ba ka, ka bar shi.

To, me ya sa na nace a kan birki? Saboda tutsu. Sarƙar nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan sashen sama na tsinin harshen ya taɓa itace, ko ya ci karo da ƙusa, ko itace ya matse shi, sai injin ya zabura sama ya yo baya, kai tsaye wajen fuska da kafaɗa, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ba wani ƙarfin dantse da ke tare shi. Abin da ke tare shi shi ne wannan roba da ke tsaye gaban hannunka na hagu. Da zarar wuyan hannunka ya buge ta, ko injin ya fizga da ƙarfi, sai ta kame sarƙar. Mai sare bishiya yana iya yini bai yi aiki da tsinin ba. Masassaƙi kuwa rabin aikinsa a tsinin yake. Don haka kafin ka biya kuɗi, a tayar maka da injin a gabanka, a ba shi wuta, a tura birkin gaba, ka ga sarƙa ta tsaya cak da idonka. In mai shago ya ce ai ba sai an gwada ba, ka yi masa sallama ka ƙara gaba. Sannan riƙon injin iri ɗaya ne ga kowa: dama a baya, hagu a gaba, babban yatsa ya zagaye mariƙin. Ko kai bahago ne haka za ka riƙe, domin a haka aka ƙera shi. Kada kuma ka ɗaga shi sama da kafaɗarka.

Su masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna da wani harshe na musamman, mai siririn tsini da bai kai santimita 2 ba, wanda ake sa wa ƙaramar sarƙa mai kwata na inci. Yana shiga lungu, kuma tutsunsa kaɗan ne. Sai dai in za ka sa shi, dole a canja har faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙar, su ukun su dace da juna, kuma ba kaya ne da ake bajewa a kowane shago ba, galibi sai an yi oda. Shawarata kada ka fara da shi. Su can, tun da aka fara sassaƙa da inji a Amurka a shekarun 1950, abin da suka fi yi shi ne siffar dabbobi da tsuntsaye, masu buƙatar a fitar da gashi da ido da farce. Mu a nan da yawanmu ba ma sassaƙa siffar mai rai saboda addini, kuma ko ba don haka ba, kasuwarmu daban take. Abin da ake nema a nan turmi ne da taɓarya, kujerar tsuguno ta mata, akushi, benci na ƙofar gida, katakon saran nama na mahauta da masu tsire, kwamin shayar da dabbobi, gangar jikin kalangu da ganga, sai kuma teburan gungume da wuraren shaƙatawa da otal-otal ke so yanzu. Duk waɗannan harshen da injin ya zo da shi ya ishe su.

Nan ne nake so in tsaya in yi magana da babbar murya. Inji ba ya gama aiki. Yana datsa gungume, yana zubar da abin da ba a so, yana fitar da siffa ta farko, ya rage maka aikin kwana biyu ya koma na sa'a biyu. Amma cikin turmi, da santsin bakin akushi, da lanƙwasar da ke sa kujera ta yi daɗin zama, wannan aikin gizago ne da magagari da hannun da ya saba. Musamman raraƙe cikin turmi: soka tsinin inji kai tsaye cikin itace shi ne yanka mafi haɗari, kuma ban ba ɗan koyo shawarar ya gwada shi a watanninsa na farko ba. Ka tsattsaga saman da layuka marasa zurfi, ka ɓamɓare da gizago, ka sake. Saboda haka kafin ka je shago, ka fara zuwa wajen masassaƙi. Har yanzu suna nan, a bakin kasuwanni da ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma sana'ar tana da sarautarta tun zamanin da. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba, na zo koyo ne. Shi zai nuna maka abin da babu shi a littafin inji: yadda jijiyar itace take tafiya, inda gungume zai tsage in ya bushe, dalilin da ya sa ake son ƙirya a turmi da taɓarya, ake son aduwa a allo, ake son danya a akushi. Kai kuma ka sauƙaƙa masa datsa da injinka. Ina ganin wannan haɗin ya fi amfani ga ku biyun fiye da a ce yaro ya sayi inji ya buɗe rumfa yana ganin ya wuce tsofaffi.

Mu dawo kan inji. Fetur, ko lantarki, ko batir? Mai igiyar lantarki yana da sauƙin kuɗi da ƙarancin ƙara, ba ya hayaƙi, amma kowa ya san halin wutarmu, kuma yana jan wat 1,800 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Mai batir ya fi kowanne daɗin sassaƙa, yana tsayawa da ka saki yatsa, kuma mai sola a gida zai iya cajinsa. Matsalarsa tsadar batirin, da yadda zafin watan Maris da Afrilu ke gajiyar da shi, da wuyar samun wani in ya mutu. Don haka mafi yawanku a kan mai fetur za ku tsaya, duk da yadda kuɗin mai ya tashi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Mai fetur kuwa a wajen haɗin mai ake kashe shi. Irin injin ƙaramin janaretan nan ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ba shi da wani wurin mai daban da ke jiƙa fistinsa. Manyan kamfanoni sun ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, kuma man da aka yi don irin wannan inji, mai alamar 2T. Da yawa daga na China sun ce 25 da 1, wato mililita 40 a lita. Ka bi abin da littafin naka ya ce. Kada ka auna da ido ko da murfin gora. Sirinji na kemis ya ishe ka. Ka haɗa a jarka daban, ka girgiza, kuma kada ka haɗa wanda zai wuce wata guda a ajiye. Ka sayi fetur a gidan mai, domin na 'yan bumburutu ba ka san abin da aka sirka masa ba, kuma rana ɗaya ta gurɓataccen mai tana iya cinye fistin. Akwai tanki na biyu na man da ke jiƙa sarƙa. An saba ɗura masa baƙin man da aka juye daga mota don tsimi. Wannan man cike yake da ɓarɓashin ƙarfe, yana cinye famfon man da harshen, yana baƙanta itacen, kuma yana da illa ga fata. Ka tuna turmi da akushi da katakon nama abinci ake sa musu. In irin waɗannan kake yi, man gyaɗa ko wani man girki mai tsabta zai yi maka, muddin za ka juye shi ka wanke in za ka ajiye injin, don yana daskarewa ya yi danƙo.

Kaifi kuma kullum ne. Sarƙa mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya-manya, tana jan kanta cikin itace. Wadda ta dakushe gari take fitarwa, tana hayaƙi, sai ka danna, kuma dannawar nan ce ke kawo tutsu. Ka sayi magagari mai zagaye na milimita 4 tare da injin, ka koyi wasa haƙoran a karkace daidai wa daida, ka ɗan shafa musu duk lokacin da ka ƙara mai. A lokacin hunturu ƙura tana toshe matacin iska, ka buɗe ka kakkaɓe shi kowace yamma. Kafin ka sayi kowane inji, ka tambayi mai shago sarƙa, fulogi, igiyar tayarwa, fistin da kafireto nasa. In ya ce za a kawo, ka nemi wanda nasa suke a kan kanta yanzu.

Kuɗin kariya kuwa cikin kuɗin inji yake, ka lissafa su tare tun daga gida. Ƙarar injin nan tana kai desibel 100 ko fiye a kunnen mai riƙe da shi, kuma masana lafiyar ma'aikata sun ce a wannan mataki minti 15 kacal kunne ke ɗauka a rana ba tare da kariya ba. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka sa abin toshe kunne, ka sa tabarau, ka sa hular kwano, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki. Akwai wando na musamman mai zaruruwa a ciki da ke cusa kansu su tsayar da sarƙa. In ka same shi ka saya, don cinya da ƙafar hagu suna cikin wuraren da sarƙa ta fi samu. Sannan ga abin da ya shafe mu mu kaɗai: kada ka tayar da inji da jallabiya, ko babbar riga, ko rawani, ko carbi a wuya, ko silifas. Kada ka yi aiki a cikin shago rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari mai firgitarwa ba. Ka kafe gungumen sosai, kada ka sa yaro ya riƙe maka. Yara in sun ji ƙara sai sun taru. A kore su nesa. Kuma kada ka yi aiki kai kaɗai. In tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaure, a nufi Asibitin Koyarwa na ATBU ko mafi kusa, ba tare da an tsaya zuba masa toka ko fetur ba. Maƙwabta ma suna da haƙƙi: ka kashe inji lokacin salla da lokacin hutun mutane.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake roƙonka ka sayi ƙarami, kuma ya fi na farko damuna. Girman injin da ka saya shi zai zaɓa maka sana'a. Wanda ya ci bashi ya sayi babba ba zai iya biyan bashin da kujerar tsuguno ba. Za a zo a ce masa ga aikin tsaga a daji, ga kuɗi a hannu, kuma zai tafi. Daga nan ya tashi daga masassaƙi ya koma mai sare daji. Mun ga abin da ya faru da madobiya, wadda 'yan kasuwa suka riƙa kira madrid, a maƙwabciyarmu Taraba. Cikin 'yan shekaru aka kwashe ta zuwa China, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga farkon 2017, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A nan gida, dajin Lame-Burra da kewayen Yankari da Sumu suna shan matsin masu katako da masu gawayi, gwamnatin jiha ta sha sanar da haramcin sare itatuwa don gawayi, kuma Bauchi tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Ƙirya, wadda masassaƙi ke nema don turmi, ita mai gawayi ya fi so, kuma ba ta girma da sauri. Tsofaffin masassaƙa za su gaya maka yadda tafiyar nemanta take ƙara nisa. In ta ƙare, sana'ar da kake son shiga ita ma ta raunana.

Shi kuwa ƙaramin inji, abincinsa yana cikin gari. Duk wanda yake Bauchi a watan Yunin 2018 bai manta guguwar da ta auka mana cikin hidimar ƙaramar Salla ba, wadda ta yi sanadin rayuka, ta kwashe rufin gidaje, ta tuge manyan itatuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ko ba irin wannan ba, kowace farkon damina iska tana kayar da dogon yaro da mangwaro da malaina da turare a unguwanni da makarantu. Aikin faɗaɗa tituna yana tuge wasu, masu gini suna cire wasu. Galibinsu a murhu suke ƙarewa, alhali gungumen dogon yaro ɗaya zai ba da kujeru da benci da za su yi shekaru, ga shi gara ba ta cika son sa ba. Ka je ka sami mai bishiyar ku yi ciniki. In ta hukuma ce, ko kuma tana tsaye da ranta, ka bi ta wajen malaman gandun daji na ƙaramar hukuma ka karɓi takarda, ka ajiye ta a aljihu ranar da za ka ɗauko kayanka. Kuma in ka amfana da guda, ka dasa wasu. A damina dashe ba ya wuyar samu.

Sai dai itacen gari yana da nasa sharrin. An buga masa ƙusoshi na allunan talla da fastocin siyasa, an ɗaura masa waya ta nutse a jikinsa, yashi ya shiga ɓawonsa. Ƙusa ɗaya tana iya karya haƙoran sarƙa ta kuma sa injin ya zabura. Ka duba da kyau, ka ɓare ɓawon da gatari a inda za ka yanka, kada kuma ka bar sarƙa ta taɓa ƙasa. Ɗanyen itace ya fi daɗin sassaƙa, amma in ka gama ka jefa shi a rana, ko iskar hunturu ta buge shi, zai tsage tun daga tsakiya. Ka fitar da siffar da ɗan kauri fiye da yadda kake so, ka shafa wa bakunan biyu fenti ko kakin zuma, ka ajiye a inuwa a kan duwatsu inda iska ke ratsawa a hankali, ka ba shi makonni, sannan ka dawo masa da gizago ka ƙarasa. Aikinka na farko ya zama mai sauƙi: datsa gungume ya zauna daidai ba ya rawa, sai benci, sai kujera mai ƙafa. Turmi ya jira sai malaminka ya ce hannunka ya kai.